Filin 'Yan Mata: Mai Zanen Da Ya Adana Hawayen Uwa

 Yau labarin wani mai zane na kawo muku, wato Chris Ofili, wanda aka haifa a Manchesta ta ƙasar Ingila a 1968, iyayensa kuwa 'yan Najeriya ne.

Ya koyi zane da fentin mai a manyan makarantun zane na Landan. A 1992 ya je Zimbabwe, kuma daga can ne ya fara sa kashin giwa a cikin aikinsa. Kada ku toshe hanci tukuna! Busar da shi ake yi, a dunƙula, a shafe shi da wani irin ƙaro mai sheƙi har ya yi tauri, ba wari ko kaɗan. Sai ya haɗa shi da fentin mai, da ƙyalƙyali, da ƙananan allurai masu kai, da hotunan da ya yanko, ya yi ta ɗora su bisa juna.

To, me ya yi da wannan haɗi? A watan Afrilun 1993 wasu samari fararen fata suka kashe wani yaro baƙar fata, Stephen Lawrence, ɗan shekara 18, yana jiran motar haya a Landan. Mahaifiyarsa Doreen ta yi ta fafutukar neman haƙƙin ɗanta shekara da shekaru, sai a 2012 kotu ta ɗaure biyu daga cikin makasan.

A 1998 Ofili ya zana wata mace tana kuka, ya sa wa zanen sunan wata waƙar Bob Marley. A cikin kowane ɗigon hawayenta akwai ɗan ƙaramin hoton Stephen. Abin wuyanta dunƙulen kashin giwa ne, zanen ma a kan dunƙule biyu yake tsaye, ya jingina da bango. In an kashe fitila, sunan yaron sai ya haska, don da fenti mai haske a duhu aka rubuta shi. A wannan shekarar ce ya ci kyautar Turner, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya ci ta.

Ƙannena, musamman ku masu hannun zanen lalle da masu cika bayan littafi da furanni, ku lura da abu guda. Sai da ya ƙware a fentin mai sannan ya fara gwaje-gwaje, kuma kowane abu da ya liƙa yana da dalili. Wadda ta ce rashin kayan aiki masu tsada ne ya hana ta, to ta tuna da abin da wannan bawan Allah ya yi wa hawayen uwa ado da shi. Ku dage da koyo, ku riƙe karatunku, sannan ku duba abin da ke kusa da ku.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.