Maganin da haske ke kunnawa: akwai albishir, amma a bi sannu

Duk wanda likitan haƙori ya taɓa yi wa allurar kashe zafi ya ɗanɗana aikin wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ƙwayoyin jijiya. Ta cikinsu ne sinadaran sodiyam da potasiyam ke shiga da fita, kuma wannan zirga-zirgar ce ke haifar da ɗan lantarkin da ke kai saƙon zafi da gani da bugun zuciya. Allurar lidocaine tana toshe ƙofar sodiyam ne, shi ya sa leɓe ke mutuwa na ɗan lokaci. Matsalar ita ce magani ba shi da ido, duk inda ya tarar da ƙofa sai ya toshe ta.

A shekarar 2004, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ciki har da Richard Kramer da Dirk Trauner, suka ɗaura wa ƙofar potasiyam wani sinadari mai suna azobenzene. Idan aka haska masa wani launin haske sai ya lanƙwashe, ƙofar ta buɗe. Aka canza launin sai ya miƙe ya toshe ta. Makunni ke nan, kamar na ƙwan lantarki, amma a jikin jijiya. A 2012 an yi amfani da irin wannan sinadari aka dawo wa makafin ɓeraye jin haske a idonsu.

Wata hanyar kuma ta fito ne daga gansakuka, wadda ke da ƙofar da haske ke buɗewa da kansa. A 2021 likitoci a Faransa da Suwizalan suka sanar cewa wani mutum mai shekara 58, da ciwon retinitis pigmentosa ya makantar, ya fara gane kayan da ke kan tebur bayan an saka masa ƙwayar halittar irin wannan ƙofa, tare da wani tabarau na musamman.

A ganinmu, a nan ne ya kamata a ja birki. Mutumin bai koma karatu ko gane fuskoki ba. Haske kuma ba ya ratsa nama da nisa, shi ya sa ido ne aka fara gwadawa, ba ƙwaƙwalwa ko zuciya ba. Duk wanda ya tallata maka "maganin haske" na makanta a WhatsApp yau, to kuɗinka yake so. Mai yanar ido ko hawan jinin ido, asibiti zai nufa, domin aikin tiyatar yana da magungunan ɗigawa sun daɗe suna aiki.