Mashigin Kogi Namu Ne, Mu Tashi Mu Riƙe Shi

Jama'ar Mai Wurno, 'yan'uwa na Sinja da Rusairis da ƙauyukan Jazira, ku saurara! Kakanninmu a bakin kogin nan suka sauke kaya. Bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a gabas, ya zauna a Shaikh Ɗalha, sannan ya haye ruwa ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Tun daga ranar, su da fito da noman bakin kogi ke ciyar da mu. To yaya za a yi mashigin da muke bi kullum, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira mushra, ya zauna ba mu da bakin magana a kansa?

Ku je mashigi da hantsi a lokacin damina. Gaɓa ta zabge, laka har gwiwa. Tsohuwa da kwandon kuɓewa a ka tana lallaɓawa, hannu ɗaya riƙe da jikanta. An loda wa jirgi buhunan dawa da jaki da 'yan makaranta, har ruwa na lasar bakin katako, ba rigar ceto ko ɗaya. Mai fito ba mugu ba ne, man injin yake son fanshewa. Wa zai ce masa ya isa haka? A watan Agusta na 2018, a jihar Nahrun Nil, injin jirgi ya mutu a tsakiyar ruwa, yara 22 masu zuwa makaranta suka nutse. Kada mu jira irin wannan ta'aziyya ta shigo gidajenmu.

Kogin ma ya sauya hali. Da madatsar Sinnar ta 1925 da ta Rusairis ta 1966 muka sani. A 2013 aka ƙara wa ta Rusairis tsayi, tafki ya faɗaɗa, ƙauyuka suka tashi. Tun 2020 kuma Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta, kusa da iyaka. Yau hawa da saukar ruwa suna bin hannun masu buɗe ƙofofi, hasashen dattawa kaɗai bai wadatar ba. Dole a sami mai karɓo labari ya isar wa masunta da 'yan fito kafin su tura jirgi.

Bur Sudan tana da hukumar tashoshin jiragen ruwanta. Mashigin ƙauye ba shi da kowa sai mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, da lajanar unguwa, wato kwamitinta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun faɗuwar gwamnatin Albashir a 2019, jami'an da aka naɗa ke tafiyar da mahaliyyoyi, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa sauran. Mu nemi a dawo da majalisun da jama'a suka zaɓa, mu tura musu mutanen da suka san ruwa. Kansilan da bai taɓa tsayawa a mashigi ba, ba shi da abin da zai kare mana.

Kafin nan, kowane ƙauye ya kafa lajanar mashigi: mai fito, masunci, mace 'yar kasuwa, malamin makaranta. A sa maƙwabta na kowace ƙabila a ciki, domin jinin da ya zuba a rikicin ƙabilanci na Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 ya ishe mu, kuma jirgi ɗaya muke hawa. Duk kuɗin da aka karɓa da sunan hukuma, a ba da rasiɗin Urnik 15. A rubuta yawan mutanen da jirgi zai ɗauka a jikinsa. A nemi kason kuɗin da zai dawo a sayi rigunan ceto, a zuba dutse a gaɓa.

Limamai, ku sanar ranar Juma'a. Matasa, ku rubuta takarda, sarakunan unguwa su sa hannu, a kai ofishin mahaliyya kafin ruwa ya sake cika.