Bashi Ba Ya Biyan Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan magana gaskiya ce, ba mai musunta. Talaka ya kan ci bashi, ma'aikaci ya kan ci, attajirin da ake gani da rumfa uku a kasuwa ma, in an bincika, sai a tarar rabin kayan da ke ciki na wani ne. Amma fa hanjin nan da ke cikin kowa, ranar da ya ƙulle, in ba a yi hanzari ba, kashe mai shi yake yi. To, haka bashi yake. Sa'ad da abin da ake bin mutum kowane wata ya zarce abin da yake samu kowane wata, hanji ya ƙulle ke nan. Abin baƙin ciki kuwa shi ne, maganin da galibin mutane ke sha a wannan hali shi ne ya ke ƙarasa su, watau cin wani sabon bashi don a biya tsoho.

Bashin da ake magana a kansa a nan shi ne wanda ba jingina, wanda ake ba mutum saboda albashinsa, ko saboda sunansa, ko saboda lambar wayarsa kurum. Dā mai neman rance sai ya sa riga ya tafi zauren wani, ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wannan tafiya da wannan nauyin baki su kan ba shi damar sake tunani a hanya. Yau kuwa yana kwance bisa tabarmarsa da tsakar dare, sai ya taɓa waya sau biyar ko shida, kuɗi su faɗo cikin asusunsa kafin ya juya. An kawar da wahalar ci, amma wahalar biya tana nan inda take, har ta ƙaru.

Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ya san lissafi, saboda haka sai ya ɗauki alƙalami ya bi wannan misali. A shekarar 2024 aka mai da mafi ƙanƙantar albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. A ce ga wani masinja yana karɓar haka. Banki yana cire masa 25,000 na bashin da ya ci don auren ƙanwarsa. Ƙungiyar gama kai ta ma'aikata tana cire 15,000. Masu ba da bashi ta waya guda biyu suna jiran 22,000 da 18,000. Mai kantin unguwa yana jiran 10,000 na shinkafa da sabulu. In an tara duka, naira 90,000 ke nan. Tun bai sayi ƙwayar gero ɗaya ba, tun bai biya hayar ɗaki ba, ya riga ya gaza da 20,000.

To, me ya kan yi? Sai ya nufi mai ba da bashi na uku, ya karɓi 20,000 ɗin nan ya toshe giɓin, ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya rufa asiri. A ce ruwan wannan sabon bashi 20 cikin 100 ne kowane wata. Ƙarshen wata na fari an bi shi 24,000. Tun da ba shi da su, sai ya ranto su a wani wuri da irin wannan ruwa. Wata na biyu sun zama 28,800, na uku 34,560. Kafin wata shida sun kusa 60,000. In ya shekara yana wannan juyi, naira 20,000 sun haifi fiye da 178,000. Wannan kuwa giɓin wata ɗaya tak aka lissafa, alhali kowane wata da nasa giɓin. Wanda ya haƙa rami don ya sami ƙasar cike wani rami, in ya waiwaya zai tarar rami yana nan, sai dai ya sake wuri, ya kuma ƙara zurfi.

Akwai masu kare wannan hali da cewa ai rufin asiri ne. Suna cewa gara mutum ya yi ta juya bashi a ɓoye, da maƙwabta su ji, da surukai su ji, da matarsa ta ji. Wannan magana ita ce babbar ƙarya da ta rushe gidaje masu yawa. Wane asiri ne ya rufu? An dai ɗaga ranar tonuwarsa ne, aka kuma biya ladan ɗagawar da tsada. Asirin da zai tonu a kan 90,000, wanda dangi za su iya haɗa hannu su taimaka, an bar shi sai ya tonu a kan 500,000, sa'ad da ba mai iya kome sai salati. Matar da aka ɓoye wa ba za ta ji daga bakin mijinta cikin ɗaki ba, sai ta ji daga bakin wani baƙo a waya, yana kiran mijinta ɓarawo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Laifin kuwa bai tsaya ga mai ci kaɗai ba. Masu bayarwa suna da babban rabo, don sun fi shi sanin lissafi. Wanda ya ba mutum bashi na huɗu bai tambayi guda ukun da ke kansa ba, ya san abin da yake yi. Ya ƙidaya cewa ko da wasu sun gaza biya, ruwan da zai tatsa daga sauran ya isa ya rufe hasarar, tsoro da kunya kuma su karɓo masa ragowar. Shi ya sa wasu daga cikin masu ba da bashi ta waya suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, in ya makara kwana biyu su aika wa ubangidansa da limaminsa da surukarsa saƙon cin mutunci. Abin ya yi muni har a watan Maris na 2022, Hukumar Tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda ake kira FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, sa'an nan a cikin shekarar ta wajabta musu yin rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi leƙa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane, a wannan shekara kuma aka kafa dokar kare bayanan sirrin jama'a. Saboda haka mai bin bashi yana da ikon ya nemi kuɗinsa, amma ba shi da ikon ya yi tallan mutuncin wani a gari.

Wasu kuma su kan ba da shawarar gudu. Su ce a jefar da layin waya, a buɗe asusu a wani banki, a yi shiru. Wannan ma shawarar banza ce, ta fuska biyu. Ta fuskar gaskiya, kuɗin mutane ne aka ci, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ta fuskar wayo ma, zamanin ya wuce. Tun 2014 aka fito da lambar BVN wadda ta ɗaure dukan asusun mutum da zanen yatsansa. Daga ran 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna izini, in mutum ya sa hannu a kan yarjejeniyar sa'ad da yake karɓar bashi, su ciro abin da ya ƙi biya daga asusunsa na wani banki. Akwai kuma kamfanonin da aikinsu shi ne ajiye tarihin masu cin bashi, bisa dokar 2017. Wanda ya gudu yau, sunansa yana nan a rubuce, ranar da ya zo neman jarin gaskiya sai a rufe masa ƙofa.

In juyi bai yi ba, gudu bai yi ba, mene ne ya rage? Hanya ɗaya ce, mai ɗaci, amma tana fita.

Da fari sai mutum ya tsaya cik, kada ya ƙara cin ko anini. Wanda jini ke zuba daga ƙafarsa, ɗauri ake fara yi masa kafin a yi maganar abincin da zai mayar da jini. Na biyu, ya sami takarda ya rubuta kome, sunan kowane mai bi, da uwar kuɗi, da ruwa, da tara, da ranar biya. Mutane da yawa ba su san jimlar abin da ake binsu ba, don suna tsoron gani. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Ba banza ba ne ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

Na uku, ya ware abin da rai ba ya yi sai da shi, watau abinci, da hayar ɗaki, da magani, da kuɗin zuwa aiki, da kuɗin makarantar yara. Waɗannan su ne gaba da kowane mai bin bashi. Masu bi za su ce wannan son kai ne, amma su ma amfaninsu ne, gama ma'aikacin da bai ci ba, ko bai sami kuɗin mota ba, zai rasa aikin, wanda ya rasa aiki kuwa ba ya biyan kowa. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce abin da mai ɗaukar ma'aikaci zai yanke daga ladansa a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Wannan doka ubangidan aiki ta ɗaure, ba ta shafi abin da mutum ya ranto a waje ba, amma ma'auni ne mai kyau ga kowa. Ga masinjan nan mai 70,000, abin da zai iya rabawa tsakanin masu binsa bai wuce kamar 23,000 ba.

Na huɗu, shi ne mafi nauyi, ya tafi wurin masu binsa da ƙafarsa tun ba su zo ba, da takardar nan a hannu. Ya nuna musu abin da ke shiga da abin da ke fita, ya roƙi a tsawaita wa'adi, a rage abin da ake biya kowane wata, a tsai da tara. In banki ne ko kamfani, ya rubuta wasiƙa, ya ajiye kwafi, duk abin da aka yarda kuma a rubuta shi. Kada ya ɗauka ba za su saurara ba. Tun da ba jingina, ba su da gona ko gida da za su riƙe, in ya gaza sai dai su kai ƙara, shari'a kuwa tana cin kuɗi da lokaci. Da a rasa duka, yawancinsu sun gwammace su karɓa kaɗan kaɗan. In an sami wani abu ya yi saura, sai a zuba shi a kan bashin da ruwansa ya fi yawa, don shi ne ke girma da dare. Na biyar, ya dubi abin da ke hannunsa wanda ba dole ba ne, ya sayar. Babbar waya, da talabijin, da rigar salla ta uku, duk ana iya sake sayensu wata rana. Gara a ce wane ya sayar da kaya, da a ce wane ya gudu ya bar gari.

Ya kamata kuma ya san iyakar ikon mai binsa, don tsoro ba ya kama wanda ya san doka kamar yadda yake kama jahili. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kurum. Ɗan sanda ba ɗan aiken mai bin bashi ba ne, wurin wannan magana kotu ne. Sai dai in da zamba aka karɓi kuɗin, wannan kam laifi ne dabam. In banki ya yi cirar da ba ta bisa ƙa'ida, sai a fara kai kuka ga bankin a rubuce, in bai share hawaye ba a wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. In mai ba da bashi ta waya ya aika wa jama'a saƙon ɓatanci, sai a ajiye saƙon, a kai wa hukumar FCCPC.

Saura magana ɗaya, ta dangi da maƙwabta. Yawancin wannan bashi ba don caca aka ci shi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar abinci da ta mota ta cinye albashi, wannan kuwa ba laifin masinja ba ne. Amma wani kaso na bashin jama'a ce ta ɗora masa. Su ne suka ƙidaya akwatunan lefe, su ne suka auna girman ragon suna, su ne suka yi tsegumin kayan ɗakin amarya. Waɗanda suka ci shinkafar biki suka watse, ba ko ɗaya daga cikinsu da ke nan ranar da aka zo bin kuɗin shinkafar. Wanda ya matsa wa ɗan'uwansa ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, yana da hannu cikin bashinsa. Masu hali kuma su tuna, cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Attajirin da ya biya wa maƙwabcinsa bashin 40,000 a ɓoye ya yi aikin da ya fi raba sulalla a ƙofar gida ana kallo.

Fita daga bashi ba ta yiwuwa a wata guda. Mai 70,000 da ake bi dubbai zai shekara, watakila ya shekara biyu, yana tafiya a ƙasa, yana sa tsohuwar riga, ana biki yana ba da haƙuri. Amma kowane wata lambar da ke ƙasan takardarsa tana raguwa, yana kuwa ganinta da idonsa, yana barci. Mai juya bashi shi ma yana shan irin wannan wuya, har da ƙari, lambarsa kuwa hawa take yi. Tun da wuya ta zama dole ga kowannensu, mai hankali sai ya zaɓi wadda ke da ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.