Tabar Wiwi: Kada A Fake Da Marasa Lafiya



Kwanan baya wata 'yar zumuntar mata ta zo gidana a Sabon Tasha tana kuka. Mijinta yana kwance da ciwon daji, in dare ya yi babu barci sai nishi. Likita ya rubuta masa mofin, ta zaga daga Kakuri har Barnawa ba ta samu ba. Sai wani ya nuna mata tabar wiwi, ta riƙa dafa masa kamar shayi. Da labari ya kai kunnen dattawa, waɗansu suka ce a sa ta ƙarƙashin horo. Na ƙi, kuma har gobe ina kan bakana.

Amma kada masu neman a halatta noman wiwi su ɗauka ni nasu ne. A 2019 marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo a lokacin, ya je ƙasar Tailan, ya dawo yana kira a ba da izinin nomanta domin magani. Daga baya aka kai ƙudurori gaban Majalisar Wakilai, ba su zama doka ba. Ku kasa kunne ga abin da ya fi cika bakinsu: dala, kasuwar waje, kuɗin shiga. Wannan mata fa, ina rabonta a ciki?

Ban musa cewa akwai magani a ganyen ba. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex domin farfaɗiya mai tsanani ta yara. Amma wannan magani ne da aka tace, aka auna, likita yana lura. Ba shi ne ƙullin da ake sayarwa a bayan tasha ba.

Mun manta da kodin? Maganin tari ne halattacce, ya sulale daga shagunan magani ya shiga hannun 'ya'yanmu, sai a 2018 gwamnati ta hana shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 suna shan wiwi a Nijeriya, alhali doka ta haramta. Tailan ɗin ma ta buɗe ƙofa a 2022, a 2025 ta koma tana neman takardar likita. Mai shakka ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ya ga iyaye mata suna jinyar samari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

In da gaske marasa lafiya ake tausayi, ga hanya. Mofin halattacce ne tun tuni: a kawo shi asibitocinmu a farashin da talaka zai iya. Maganin da aka tace daga wiwi kuwa, NAFDAC ta gwada shi, ya zauna a hannun likitoci kaɗai. NDLEA ta bi dillalai, ta bar masu jinya.

Ku kuma dattawa, kafin ku kira wannan mata gaban majalisa, ku tambayi kanku: wa ya kwana a gidanta ko sau ɗaya domin ta runtsa? Nawa muka cire daga baiko domin magani? Basamariyen nan bai yi wa mai rauni shari'a ba, ɗaukarsa ya yi, ya biya kuɗin masauki. Kowace ikilisiya ta ware asusun jinya, matasa da zumuntar mata su raba kwanan zama da marasa lafiya.

Ubangiji ya ba mu hikima da jinƙai. Amin.