Wa ya san inda lofen kakansa yake?

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da karatu ya kawo Kudu, yau ba zancen yajin aiki ko kuɗin makaranta zan yi ba. Zancen lofe zan yi. Eh, lofe dai, tukunyar shan taba irin ta tsofaffi. Kafin wani ya ce Ibadan ta lalata Malam, ni ba na shan taba, kuma ba talla nake mata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma mai lofe bai tsira ba, kansar leɓe da ta baki da ta maƙogwaro duk suna bin sa. Wannan ba abin musu ba ne.

A Turai da Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara lofen gwanjo. Tsoho ya mutu, iyalinsa su fito da kayansa, sai wani ya zo ya kwashi lofe biyar ko shida a farashin banza, ko ya yi cinikinsu a eBay. Ya koma gida ya kankare baƙin da ya daskare a cikin tukunyar, ya cika ta da gishiri, ya ɗiga sifirit, ya bar ta ta kwana don ta zuƙe tsohon wari, sannan ya goge wurin da haƙoran mamacin suka tattauna. A wurinmu abin ƙyama ne, na sani.

To amma me ke sa wani lofen ya tsaya a dala 15, wani kuma ya kai ɗaruruwa? Sani ne kawai. Yawancinsu da saiwar wani ɗan itace na gaɓar Bahar Rum ake sassaƙa su, saboda wuta ba ta saurin cin ta, kuma garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna da wannan sana'a tun ƙarni na 19. Akwai farare da ake yi da wani dutse mai laushi da ake haƙowa kusa da Eskishehir a Turkiyya. Kamfanin Dunhill na Landan ya fara yin nasa a 1910, yana sa ɗan farin ɗigo a kan marikin, yana kuma buga hatimin da masani zai duba ya faɗa maka shekarar da aka yi shi. Na Peterson na birnin Dublin, masu zoben azurfa, su ma akwai harafin shekara a jikin zoben. Jikan mamaci bai iya karanta hatimin ba, mai saye ya iya. A nan duk arahar take.

Wannan shi ne ya sa na ɗauko zancen, don a wannan kasuwa mu ne jikan mamacin.

Taba daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajen shekarar 1600. Tun a lokacin malamai suka yi saɓani a kanta, har Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawar halacci, wasu suka ce a'a. Maginan tukwane kuwa ba su jira an gama muhawara ba, suka shiga gina lofe da yumɓu, kowane yanki da irin siffarsa da zanensa. Shi ya sa masu haƙo kayan tarihi suke murna in sun ci karo da fasasshen lofe, don galibi yana nuna musu cewa wurin ya rayu bayan zuwan taba. A Gana, tun shekarun 1960 aka jera siffofin lofen da aka haƙo a kewayen Akara, ana kiyasta shekarun tsofaffin garuruwa da su. Thurstan Shaw, wanda ya haƙo Igbo-Ukwu ya kuma koyar a nan Jami'ar Ibadan, ya yi rubutu a kan tsofaffin lofe tun 1960.

Sai sigari ya zo. An buɗe masana'antarsa a Ibadan a 1937, a Zariya a 1959. A hankali lofe ya koma na tsofaffi, daga nan ya koma ƙarƙashin gado. Haka furen taba da kakanninmu mata ke goga wa haƙora da goro, yau yara nawa suka san shi?

Wasu lofen sun fashe an zubar. Wasu kuma dillalan kayan gargajiya sun bi ƙauyuka sun saye, kuma mu faɗi gaskiya, da yawa cikin dillalan nan 'yan uwanmu ne Hausawa, daga Legas har Abijan. Ban ga laifin mai neman abinci ba. Abin da ke ci min rai shi ne, in kayan ya isa hannun mai tarawa a waje, abin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa bai wuce Afirka ta Yamma ba. Babu sunan magini, babu gari, babu zamani. Bature ya san shekarar lofen da baƙo ya tauna, mu kuma namu ya tafi ba ko suna. Tsohuwar da ta sayar a kuɗin cefanen yini ɗaya, ita kaɗai ta san labarinsa, ba wanda ya tambaye ta.

Ra'ayina, in za ka tara lofe, tara namu, kuma ka tara shi da labarinsa. Na san wani zai ce me ye na ajiye kayan saɓo? Hukuncin sha na malamai ne, ni ba zan shiga ba. Amma ajiyewa daban, sha daban. Gidan Makama na Kano cike yake da makaman yaƙi, ba wanda ya ce masu kula da shi yaƙi suke shiryawa. Wani kuma zai ce ɗalibin da ke lissafin kuɗin amala ina shi ina tara kayan tarihi? Ai ba sai ka saya ba. Wayar hannunka ta isa. Mu da kullum muke kukan rashin maudu'in bincike, mutum goma a aji ɗaya kowa na rubuta tasirin kafafen sada zumunta ga ɗalibai, ga abu a ɗakin kaka ba wanda ya taɓa.

Abu biyu kawai zan roƙa. In ka ga dole sai ka saya, kada ka yi wa tsohuwa wayo don ba ta san darajarsa ba, ka faɗa mata abin da za ka yi da shi ka biya ta da mutunci. Na biyu, kada ka je kufai da fartanya. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙo kayan tarihi ko fitar da su waje ba izini, kuma lofen da aka zaro daga ƙasa ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kewaye da shi ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Hutu ya kusa. In ka isa gida ka gama gaishe-gaishe, ka zauna da wadda ta fi kowa tsufa a gidanku, ka kunna rikoda. Wa ke da shi, wa ya gina shi, a wace kasuwa aka saya, marikin na kara ne ko na ƙarfe, tabar a gona ake shukawa ko a bayan gida? Ka ɗauki hotonsa ta gefe da ta sama, ka ajiye biro kusa da shi don a gane girmansa, ka rubuta sunan garin da ranar da ka ɗauka.