A Daina Cin Dandali da Sunan Yankan Fegi

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, shekaru 30 da suka wuce, in ya koma unguwarsu yau ya nemi filin da ya koyi buga ƙwallo, ko dandalin da ƴan mata ke gaɗa da farin wata, da wuya ya gane wurin. Abin da zai tarar shi ne gidan mai, ko jerin shaguna, ko doguwar katanga mai ƙofar ƙarfe da maigadi zaune a bakinta. In ya tambayi wanda ya sayar, mai unguwa zai ce ba a shawarce shi ba, ma'aikatar magajin gari ta ce tun zamanin waɗanda suka gabata ne, mai katangar kuwa ya fito da takarda mai hatimi da sa hannu. Kowa ya wanke hannunsa, fili kuwa ya tafi.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne, kuma kusan hanya ɗaya yake bi a kowane gari. Sa'ad da za a yanka sabuwar unguwa, masu awo sukan zana taswira, su fitar da hanyoyi da filayen gini, sa'an nan su keɓe wurin makaranta, da na likita, da na kasuwa, da wani wuri da ake shafa wa koren launi, wato wurin itatuwa da shan iska. Dokokin tsarin birane sun wajabta haka, kuma a kan takarda babu abin da ya fi shi kyau. Amma daga ranar da aka raba fegi, kowane fili yana da mai shi da zai kafa masa tubali, ban da wannan koren. Ba a kewaye shi, ba a dasa masa ko da dogon yaro ɗaya, ba a kafa allon da zai faɗi ko na mene ne. Cikin shekara biyu ya zama juji, leda ta rufe shi, da dare ya zama makewayi. Sai maƙwabta su fara kuka da wari da sauro. A nan ne wani mai ido da kuɗi zai bayyana, ya ce shi zai raba jama'a da ƙazanta. A zauna a ofis, a canza wa filin aiki a takarda, a tsaga shi gida takwas ko goma. Maƙwabtan da suka yi kukan wari su ne na farko da za su yi godiya, sai ƴaƴansu sun fara wasa a bakin kwalta tsakanin babura za su gane abin da suka rasa.

Ba za mu ɗora laifin duka a kan kwaɗayin mutum ɗaya ko biyu ba, ko da yake kwaɗayin yana nan. Tushen cutar yana cikin asusun ƙananan hukumomi. A ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen farko na majalisun ƙananan hukumomi 265 a ƙasar nan, aka ɗora masu nauyin shara, da magudanan ruwa, da kasuwanni, da fitilun titi, da wasannin matasa, amma ba a ba su aljihun da zai ɗauki wannan kaya ba. Harajin kai ba ya shigowa yadda ya kamata, tikitin kasuwa da na tasha kuɗin cefane ne, kason da ake jira daga baitulmali kuwa sai ya ga dama yake isowa. Magajin garin da ma'aikatansa ke bin sa albashin wata uku, in ya duba hagu da dama, abu ɗaya yake gani da zai kawo miliyoyi a mako guda, shi ne ƙasa. Ta haka yankan fegi ya tashi daga hanyar tsara gari ya koma hanyar biyan albashi. Gwamnati da kanta ta koyar da wannan darasi a farkon shekarun 2000, lokacin da ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye. Da yawa daga masu karanta wannan shafi sun karɓa, wasu sun gina, wasu sun sayar da arha ga ƴan kasuwa saboda matsi, kuma ba mu ga laifin kowa a cikinsu ba, haƙƙinsu ne. Sai dai tun daga lokacin kowace hukuma ta san cewa in aljihu ya bushe, akwai daji a bayan gari.

Babu misalin da ya kai na Yamai. A 1965 aka fara dasa zoben itatuwa da zai kewaye babban birnin ta gefen hagu na kogi, domin ya tare iska da ƙura. Tsarin ya kai tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita ɗaya, kimanin hekta 2,500, akasari dogon yaro da turare. An kwashe shekaru ana dasawa, da kuɗin ƙasa da na abokan taimako, da gumin ma'aikatan gandun daji. Yau wanda ya bi ta wurin zai ga yadda gidaje da katangu da juji suka cinye shi gefe-gefe. An kafa kwamitoci, an yi barazanar rushe gine-gine, an yi ta jayayya da iyalan da ke cewa gonakin kakanninsu ne aka dasa wa itatuwa ba tare da an biya su diyya ba. Wannan ƙorafi nasu abin dubawa ne, kuma shi ne ya nuna inda aka yi sakaci tun farko: an dasa itace, ba a kammala takardar ƙasa ba. In haka ta sami dajin da ke ƙarƙashin idon fadar shugaban ƙasa da ministoci, ina ga ɗan filin ƙwallo na wata unguwa a Tasawa ko Madawa?

Akwai masu cewa wannan magana ta masu ƙoshi ce, talaka da ke neman na tuwo ina ruwansa da wurin shan iska. Damina ta sha ba su amsa. Fili marar gini shi ne inda ruwan sama ke tsayawa ya nutse, tafki da kududdufi su ne randar gari, ƙorama kuwa hanyar ruwa ce tun kafin a haifi mai awo. Mutanen Maraɗi sun fi kowa sanin haka, domin ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon gari daga kwari ta maida shi kan tudu. A 2020 kogin Kwara ya fasa shinge ya shiga unguwannin Yamai, a 2024 kuma ruwa ya yi ɓarnar da ba a manta ba a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ba mu ce kowane gida da ya faɗi sayar da fili ne ya kada shi ba, ruwan ya yi yawa ƙwarai. Amma duk wanda ya cike tafki da shara ya yanka shi fegi, ya sani ruwan da ke kwana a nan zai nemi wani masauki, kuma ɗakin talaka na laka ne zai fara samu.

Haka zancen yake game da burtali. Garuruwanmu suna faɗaɗa a kan gonaki, gonaki suna matsawa a kan makiyaya, hanyar da garke ke bi zuwa mashaya ko kasuwar dabbobi tana ƙanƙancewa har ta zama ba ta wuce saniya biyu a jere. Mun san inda irin wannan ke kaiwa. A ƙarshen Oktoba 1991, ana dab da rufe Taron Ƙasa, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin jahar Maraɗi, ya ci rayuka sama da 100, akasarinsu mata da yara. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara tabbatar da cewa burtali da makiyaya dukiyar jama'a ce da ba a mallaka wa kowa. An kafa turakun siminti a wurare da dama, an kuma ga amfaninsu. Amma turakun sukan ƙare a inda iyakar gari ta fara, kamar dabbar da ta iso bakin birni za ta yi fiffike ta tashi zuwa kara. Dillalan shanu da mahauta sun san asarar da ke cikin haka.

Sai matasa. Ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ƴan kai a ƙasar nan, ta 2012 ta sami sama da miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Waɗannan yara suna bukatar inda za su yi gudu su gaji. A da samariya tana da dandalinta, kowace unguwa tana da fagen kokawa da na langa. Yau saurayi ba shi da wurin zama sai fada a bakin titi, da butar shayi da tabarma, kuma mu ne muke fara zarginsa da zaman banza. A Yamai, in Salla ta zo, dubban yara ne ke cunkusuwa a gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, saboda wuraren da za a kai su ba su da yawa.

Ba a ce ba a kashe kuɗi ba. Tun da aka fara gasar takobin kokawa a Tawa a 1975, manyan biranen jahohi sun sami fagagen kokawa. Bikin 18 ga Disamba mai zagayawa ya kai kwalta da fitilu da gyaran filayen wasa Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018. Mun yaba, har yanzu muna yabawa. Amma kuɗin biki kuɗin gini ne, babu na riƙo a cikinsa. Baƙi suna watsewa, sai a miƙa wa magajin gari makullai ba tare da ko dala ta ban ruwa ko ta canza ƙwan fitila ba. Ban da haka, babban filin wasa guda ɗaya mai ƙofa a kulle ba ya maye gurbin ƙananan filaye 20 da yaro zai isa da ƙafa bayan an tashi daga makaranta.

Abin da muke nema ba ya bukatar taron masana a otal. Kafin a sayar da fegi na farko a kowace sabuwar unguwa, a fara yi wa filayen jama'a takardar mallaka da sunan gari, a kafa masu turaku, a liƙa taswirar a bangon ma'aikatar magajin gari da ƙofar mai unguwa inda kowa zai gani. Filin da mutane suka san iyakarsa yana da wuyar sata. Duk wani canjin aiki da za a yi wa irin wannan fili kuma, a yi shi a zaman da jama'a za su halarta, a rubuta sunan wanda ya nema da dalilinsa.

Maganar kuɗi ita ce mai wuya, amma ita ma tana da hanya. Tunda ƙasa ce ke kawo kuɗin, to a yanke wani kaso sananne daga kuɗin kowane fegi, a ajiye shi a layi na dabam cikin kasafin shekara, kada a taɓa shi sai don shinge, da dashe, da ban ruwa, da ladan mai gadi na filayen unguwar da aka yanka. Mu a ganinmu ko kashi 5 cikin 100 ya isa a fara. Filin unguwa ba ya son marmara ko maɓuɓɓugar ruwa mai fitilu: turakun raga biyu, da layin dogon yaro, da famfo ɗaya, da bencin siminti inda tsofaffi za su zauna da la'asar. Kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa dubban itatuwa a gaban kyamara, galibinsu ba sa ganin damina ta biyu. Da a waɗannan filaye ake dasa su, a damƙa su ga fadar samarin unguwa da ɗan abin hasafi a wata, da an ga inuwa. Hukumar ANFICT, wadda aka kafa domin tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, tana iya sa wannan cikin sharuɗɗanta: garin da ya kare filayensa a ƙara masa, wanda ya sayar a rage masa.

Ƴan kasuwa kuma muna da magana da ku, domin ba a sayarwa sai da mai saye. Alhazan garuruwanmu sun gina masallatai da makarantu da rijiyoyi, Allah ya saka masu. Wanda ya kewaye filin unguwarsu ya dasa masa itace ya bar wa yara, shi ma ya yi sadaka mai gudana. Wanda kuwa aka kawo wa takardar fili da arha, ya san sarai koren wuri ne a taswira, ya tuna cewa hatimin da wani ya buga yau wani na iya soke shi gobe. Masu shagunan da aka rushe a bakin titunan Yamai a 2016 da yawansu suna da takardun izini da rasiɗin haraji a hannu, ba su hana katafila wucewa ba.

A watan Afrilu 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan da za su riƙe su. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, taswirar gari tana nan a cikin durowar ofishin awo, kasafin kuɗi kuma ana tsara shi ne a ƙarshen kowace shekara. Kafin lokacin ya zo, masu unguwanni da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ma'aikata su je su nemi a nuna masu taswirar unguwarsu, su ƙirga korayen wurare nawa aka zana, sa'an nan su taka da ƙafa su ga nawa suka rage.