Ɗan farin ɗigon da hannu ba ya ji

Duk watan Oktoba sai ka ga Facebook ya cika da launin ruwan hoda, ana ta jan hankalin mata su riƙa shafa mamansu ko za su ji ƙullutu. Shawara ce mai kyau, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Amma akwai rabin maganar da ba a cika yi ba, shi ne na ce bari in taɓa shi yau. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, musamman iyayenmu mata da magidantan da ke biyan kuɗin asibiti.

Sau da yawa, kafin sankarar mama ta zama ƙullutun da yatsa zai ji, takan bar wata alama: 'yan ɗigo-ɗigon sinadarin kalsiyam, farare, kamar an barbaɗa gishiri. Kowane ɗaya bai kai rabin milimita ba. Ba zafi, ba kumburi, kuma ko likita ne ya shafa ba zai ji su ba. Hoton mama da ake kira mamogiram ne ke fito da su. Tun 1913 wani likitan tiyata a Jamus, Albert Salomon, ya hango su a hotunan maman da aka cire wa marasa lafiya, sannan a 1951 Raul Leborgne na ƙasar Yurugwai ya fayyace alaƙarsu da sankara. Kun ga ashe ba sabon ilimi ba ne.

Me ke kawo su? Wani lokaci ƙwayoyin halittar da ke cikin hanyoyin ruwan mama ne ke hayayyafa fiye da ƙima, wasu su mutu, sai kalsiyam ya taru a kan gawarsu. Irin wannan shi likitoci ke kira DCIS, wato cutar tana nan kulle cikin hanyar, ba ta fasa ta shiga naman mama ba. Mafi yawansa ta waɗannan ɗigo ake gano shi, kuma a wannan mataki kusan duk wadda aka yi wa magani tana tsira. Amma fa tsufa ma na kawo su, haka tsohon rauni, ko ƙurjin da aka yi lokacin shayarwa, ko tiyatar da ta wuce. Manya-manyan ɗigon kuwa, kusan rabin matan da suka haura 50 suna da su, kuma ba komai ba ne. Galibin kalsiyam ɗin da ake gani a mama ba sankara ba ne.

Likitan hoto yana duba siffarsu da yadda suka zauna. In zagayayyu ne, a warwatse a mama biyun, yawanci lafiya lau. In kuwa ƙanana ne masu siffa daban-daban, sun taru wuri guda, ko sun jeru suna rassa kamar suna bin hanyar ruwan mama, sai a ce a dawo a sake hoto, a ƙara girman wurin. A takardar sakamako za ki ga an rubuta BI-RADS da lamba. Lamba 0 na nufin ana son ƙarin hoto. 1 da 2, ba matsala. 3, yiwuwar sankara ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, a dawo bayan wata 6. In 4 ce ko 5, sai a ɗebo ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Ko a cikin waɗanda aka ɗebo ɗin ma, mafi yawa sakamakon kan fito ba sankara.

To ga inda nake da ja da mu kanmu. Da an ce wa mace “ki dawo”, shi ke nan an yi zaman makoki a gida. Wata ta ɓoye takardar a ƙasan akwati, wata a ce mata ai daji ba ya son ƙarfe, kada ta yarda allura ta taɓa ta. Wallahi wannan magana ta kai mata da yawa kabari. Allurar gwaji ba ita ke sa cutar ta bazu ba, watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe su ne ke ba ta dama. Ni a ganina, wadda aka kira saboda ɗigon da ba ta ji ba ta fi kowa sa'a: ko dai ba komai ba ne ta samu kwanciyar hankali, ko kuma an kama ɓarawo tun yana bakin katanga.

Sai batun sikanin. Da yawa za su ce ai na yi sikanin an ce ba komai. Sikanin yana da amfaninsa, musamman wajen duba ƙullutu da kuma maman 'yan mata, amma ba ya ganin waɗannan ƙananan ɗigo sosai. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Haka kuma in kin ji ƙullutu, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, kada ki ce ai hotona na bara ya fito lafiya. Ba kowace sankara ce ke tara kalsiyam ba. Ki tafi asibiti.

Kuma don Allah kada wata ta bar shan fura da nono ko madara don ta ji an ce kalsiyam. Abinci ba shi ke kawo su ba. Abin da za ki kiyaye shi ne ranar ɗaukar hoto: kada ki shafa hoda, mai ko abin hana warin hammata a ƙirji da hammata, domin ɓurɓushinsu kan fito a hoto kamar ɗigon, a tayar miki da hankali a banza. Ki kuma adana tsofaffin hotunanki, likita zai gwada su da sabo ya ga ko wani abu ya canja.

Na san wasu za su kawo mini muhawarar Turai, kuma suna da hujja. Ba kowane DCIS ne zai rikiɗe ya zama mai kisa ba, kuma har yanzu likitoci ba su iya tantance wanne ne zai rikiɗe da tabbaci ba. A 2012 wani kwamiti a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Michael Marmot ya ƙiyasta cewa a kan kowace rai guda da gwajin ya ceta, ana yi wa mata kusan 3 maganin cutar da da ba za ta taɓa damunsu ba. Gaskiya ne, kuma haƙƙin mace ne a faɗa mata kafin a yi mata aiki. Amma duk da haka Ingila ba ta daina kiran mata masu shekara 50 zuwa 70 duk bayan shekara 3 ba, Amurka ma a 2024 kwamitin ƙwararrunta cewa ya yi a fara daga 40, duk bayan shekara 2. Su suna gardamar ganin abu da wuri fiye da ƙima, mu kuwa mafi yawan matanmu sai abin ya yi nisa, wani lokaci har ya fashe, ake kai su. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, sama da 30,000 a 2022 kaɗai bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da yawansu ba su kai 50 ba.

Shi ya sa nake kira ga gwamnatocin jihohinmu: sayen na'ura a yanka kyalle a ɗauki hoto bai wadatar ba. Ɗigon da bai kai rabin milimita ba yana buƙatar na'ura mai lafiya, wutar da ba ta ɗaukewa, likitan da ya iya karanta hoton, da wurin da za a ɗebo naman a gwada cikin kwanaki. In babu waɗannan, tsoro kawai aka raba wa mata.

Ke kuma 'yar'uwa, in kin kai 40, ki tambayi likita yaushe ya kamata ki fara, in kuma akwai cutar a danginku ki tambaya tun kafin nan. Maigida, in Hajiya ta zo da takardar “ki dawo”, ka ajiye komai ka kai ta da kanka. Wanda ya san inda ake yin mamogiram a garinsu da kuɗinsa, ya rubuta mana a ƙasa don wasu su amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.